Filtar ruwa mai kwalba uku da na saka a Fatakwal: tana aiki, amma kar biron mai sayarwa ya ruɗe ka

Jama'a da dama daga cikin 'yan'uwanmu da ke zaune nan Ribas da Bayelsa suna ta tambayata kan filtar ruwan nan da na haɗa a gida da shagon shayi, wai ko tana da amfani ko asarar kuɗi ce kawai. To amsa a gajarce dai tana da amfani, in da maki ake bayarwa zan bata uku cikin biyar, amma fa ba yadda masu sayarwa suke kururuta ta take ba, kuma in ka sayi kwalaben nan uku kaɗai ka tsaya nan to rabin aiki kayi.

Abun da na saya shine irin wadda kowa ya sani, kwalabe uku na roba a jere a jikin ƙarfe ɗaya, ana ɗaura ta a bango tsakanin tanki da famfo. Ta farko tana da farin kyandir na zare mai kama laka da ƙura, an rubuta 5 a jiki wai girman ƙofofinsa kenan, ta biyu gawayi ne ɓarzajje, ta uku gawayi ne curarre. Daga baya na ƙara babban tulun faiba mai yashi da tsakuwar farar ƙasa a gabansu, zan zo kan wannan dan shine ma ya fi komai muhimmanci a wajena. Ba zan faɗi sunan shagon ba, ba kuma zan faɗi kamfanin ba, dan duk kasuwa iri ɗaya ce ake kawowa daga Chaina kowa ya manna takardarsa.

Wanda yake Kano ko Katsina zai ce wai garin da ake ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ruwa ta ko'ina, me ya kai mutum kashe kuɗi kan filta? Ai nan gizo ke saƙar. Ruwan akwai shi amma mai kyan ne babu. Mu da muka taso a arewa mun san ruwan sama shine ruwa mafi daɗi, a tara a randa a sha har a yi wa baƙo tayi, amma nan in ka ajiye farin bokiti a ƙarƙashin indararo, musamman ruwan farkon damina wajen Maris zuwa Afrilu, abun da zaka tarar da safe wallahi ko kaza ba zaka so ta sha ba, baƙi-baƙi ne da wani maiƙo a samansa in rana ta haska shi yana ɗaukar ido. Kuma ba ruwa kaɗai ba. In kazo alwalar asuba lokacin hunturu ka shaƙa ruwa ka fyace, baƙi ne yake fitowa daga hancinka, yaran da suka yi yawo babu takalmi a tsakar ɗakin da aka goge jiya da daddare tafin ƙafarsu baƙi ƙirin, farar shadda kam an daina shanya ta a waje tuntuni.

Wannan baƙin ya fara damun Fatakwal sosai ne tun ƙarshen 2016, har a 2018 mutane suka fita zanga-zanga a kan titi saboda shi. Kuma dan Allah a yi adalci, ba wutar gas ta kamfanonin mai ce kaɗai ta kawo shi ba, akwai masu dafa ɗanyen mai na sata a cikin daji da ake cewa kpofire, akwai jami'an tsaro da in sun kama man sai su cinna masa wuta a wajen, akwai masu babbakar fata da taya a mahauta. Lokacin da Wike yana gwamna ya tasa masu kpofire a gaba a farkon 2022 kowa ya shaida baƙin ya ɗan lafa. Amma ita wutar gas ta riga su duka zuwa kuma tana nan bata je ko'ina ba. In ka bi hanyar Omoku ko ka shiga Bayelsa wajen Gbarain da daddare zaka ga sama tayi ja, dogon bututu wuta tana ci a kansa dare da rana, ruwa ko iska bata mutuwa, ƙararta kana jin ta daga nesa, mutanen ƙauyukan da ke kusa da yawansu basu san duhun dare na gaske ba.

Ga wanda bai sani ba, shi ɗanyen mai in ana haƙo shi tare yake fitowa da iskar gas, to maimakon a tara gas ɗin a sayar ko a mayar dashi ƙasa, wanda yana buƙatar kashe kuɗi, sai a kunna masa wuta kawai. Tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956 aka fara fitar dashi a 1958 ake wannan abu. Gwamnati tayi doka a 1979 tace daga Janairun 1984 an daina, aka zo aka wuce, aka sa 2008 aka wuce, aka sa 2020, yanzu kuma 2030 ake magana. Tarar da ake cin kamfanonin shekara da shekaru naira 10 ce kacal kan kowane kubik ƙafa dubu na gas, sai a 2018 aka mayar da ita dala 2 ga manyan kamfanoni. Har kotu taje, wani Jonah Gbemre daga Iwherekan a jihar Delta ya kai Shell da NNPC gaban babbar kotun tarayya a Benin, a Nuwamban 2005 alƙali yace ƙona gas ɗin nan tauye haƙƙin rayuwa ne a daina, hukunci yana takarda wuta tana ci. Alƙaluman Bankin Duniya har yanzu suna sa Najeriya cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas, sahun su Rasha da Iran da Iraƙi, fiye da kubik mita biliyan biyar duk shekara, a ƙasar da nake tada janareto dan in turo ruwa tanki, uwargida kuma tana lissafin kilon gas ɗin girki. Abun haushi dai.

To mu koma kan filta. Tun da muka bar ruwan sama sai muka dogara da bohol ɗin gidan da muke haya, shi kuma nasa ciwon daban. Yana fitowa garau, ka ɗiba a kofi ka rantse piya wata ne, ka barshi ya kwana sai kaga ya koma ruwan ɗorawa da wani jan abu a ƙasa, ga ɗan ƙarnin ƙarfe a baki. Ni da sana'ata shayi nafi kowa gane wannan, dan in ka jefa ganyen shayi a irin ruwan nan maimakon yayi ja mai kyau sai yayi wani duhu-duhu da yana-yana a sama, ka zuba madara ya koma toka-toka, kwastoma ya kalli kofi ya kalle ka. Wani dattijo direban tirela da yake sauka wajena in ya kawo kaya tashar jiragen ruwa ta Onne shi ya fara ce min "Malam, shayin nan naka kwana biyu ya canja fuska." Sayen ledar piya wata dan dafa shayi kuwa ba riba, shi yasa na nemi mafita.

Mai shagon da ya sayar min mutum ne mai fara'a, baki kam akwai shi. Ya zo har gida da wata ƙaramar na'ura mai siffar biro, ana tsoma ta a ruwa ta nuna lamba, TDS suke ce mata, sannan da wata mai sandunan ƙarfe da ake jonawa a wuta. Ya tsoma sandunan a kofin ruwan bohol ɗinmu ya kunna, kafin kace kwabo ruwan ya koma ja da kore da wani dauɗa yana tasowa, maman yara ta dafe ƙirji tace "innalillahi, wannan muke sha?" Shi kuma yana ta cewa Alhaji ka gani da idonka, duk gubar gas ce, filtata zata cire ta ɗari bisa ɗari. Allah ya taimake ni ɗan yayana da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'a yana gidan lokacin ya zo hutu, ya ja ni gefe yace "Baffa, wannan dauɗar daga jikin ƙarfen na'urar take fita, wuta ce take narka shi, ko ruwan roba mai tsada ka zuba in dai da ɗan gishirin ma'adini a ciki haka zai yi." Ban kunyata mutumin ba, na dai ce masa ya mayar da sandunansa jaka mu yi maganar farashi.

Biron ma haka. Abun da yake aunawa kawai yawan gishiri-gishirin da ya narke a ruwa ne, ƙa'idar Najeriya ta ruwan sha ta yarda har 500, namu kuwa ko 100 bai kai ba tun kafin a saka komai. Ma'ana in da biro za a bi ruwanmu lafiya lau yake. Biro baya ganin mai, baya ganin ƙwayar cuta, baya ganin benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin mai. Kuma benzin ɗin nan ba wasa bane, shine wanda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙasar Ogoni a 2011 ya samu a rijiyoyin Nisisioken Ogale, nan Eleme kusa damu, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, har da mai kwance a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa kaurin santimita 8, kuma sinadari ne da aka tabbatar yana jawo kansar jini. Wancan daga yoyon bututun mai ne ba daga wutar gas ba, amma na kawo shi ne dan ka gane irin ƙasar da muke haƙa bohol a cikinta, da kuma dalilin da yasa raina yake ɓaci in naga ana yaudarar mutane da biro.

Abun da ya nuna min gaskiyar ruwana wata 'yar takarda ce mai arha da yaron ya kawo, ana tsoma ta ta canja kala, tana auna tsamin ruwa, pH. Ruwan sha ana so ya zama tsakanin 6.5 zuwa 8.5. Na bohol ɗinmu ya tsaya wajen 5, na saman da muka tara a farkon damina ya ma fi shi sauka. Yace min ko a inda babu masana'anta ruwan sama yana da ɗan tsami, wajen 5.6, amma hayaƙin wutar gas yana tashi da wasu iskoki na naitirojin da na farar wuta, in suka haɗu da hadari sai su dawo ƙasa a matsayin ruwa mai tsami, ga kunkunniyar da take sauka kan rufi duk rani ruwan farko ya wanko ta cikin duro. Shi yasa kwanon rufi a yankin nan baya daɗewa, zaka ga gida sabo amma rufinsa yayi ja da tsatsa, ko da yake iskar teku mai gishiri ma tana da nata hannun. Na bohol kuma yace kar in ɗora wa gas duka laifin, ƙasar Neja Delta dama can ruwanta mai tsami ne mai ƙarfe, ƙarfen ne yake haɗuwa da ganyen shayi yayi duhun nan. Naji daɗin wannan bayanin dan ya fi na mai shago kama da gaskiya.

Yanzu aikin filtar kanta. Kyandir na farko gwarzo ne, ba ƙarya. Tankinmu yana sama murfinsa baya rufuwa da kyau, duk baƙin da ke yawo a iska yana samun hanya, to shi yake tare shi. Ranar da na fara kwance shi na riƙe a hannu sai da na kira maƙwabcina ya gani, abun da aka saka fari tas ya fito kamar gindin tukunyar da aka shekara ana ɗorawa a murhun icce, na sa wuƙa na tsaga shi biyu, bayan baƙi, tsakiya ja na tsatsa, can ciki kusa da ramin ne kawai da sauran fari. Kwalaben gawayin su kuma sun ɗauke wari, ruwan ya daina wannan ɗan bugun hancin. Gawayin da aka sarrafa dama an san shi da kama irin su benzin da dangin mai, wannan gaskiya ne, sai dai yana da iyaka, in ya ƙoshi ya ƙoshi, kuma ba zai faɗa maka ba, ruwa zai ci gaba da fitowa garau alhali ya daina kama komai.

Inda kwalabe ukun suka gaza shine tsami da ƙarfe. Na sake tsoma takarda bayan an saka, kalar nan dai ita ce, shayi ya ɗan gyaru amma bai dawo daidai ba. Na koma wajen mai shago sai ya fara kame-kame wai sai an bata lokaci. Wani fulamba ne daban, ɗan Akwa Ibom, mutum mara yawan magana, ya duba yace sai an bar ruwan ya sha iska tukun, ya huda bututun da ke zuba a tanki yayi masa ƙananan ƙofofi ruwan ya riƙa faɗowa yaf-yaf, ƙarfen sai ya kama tsatsa ya kwanta, sannan ya haɗa tulun faiba da yashi da tsakuwar farar ƙasa wadda take kashe tsamin. Daga nan ne fa shayina ya dawo ja, takarda ta haura kusa da 7. Wani abun dariya, da aka tsoma biron bayan wannan gyaran lambar sai ta ƙaru maimakon ta ragu, dan farar ƙasar tana narkewa kaɗan-kaɗan a ciki, hankalin maman yara ya tashi tace an ɓata ruwan, sai da yaron yayi mata bayani a waya, "Umma ki kwantar da hankalinki, yanzu ne ma ya gyaru."

Matsalolin da zaka haɗu dasu kuwa ga su nan birjik. A takarda an rubuta kyandir yana wata uku zuwa shida, to wanda ya rubuta bai taɓa zama Fatakwal da hunturu ba, na farkon in ya yi maka wata guda ka gode Allah, zaka ga famfo ya fara tsiyaya a hankali ka san ya toshe. Kuɗin canji shine ainihin kuɗin filtar ba na sayenta ba, kuma duk lokacin da dala ta motsa shima ya motsa. Sifanar roba da suke haɗowa da ita ta buɗe kwalba bata da ƙwari ko kaɗan, tawa ta karye tun ba a je ko'ina ba. Kwalba mai garai-garai tana da kyan gani kana hango dattin, amma in rana tana dukanta gansakuka take yi a ciki, gara shuɗiyar ko ka rufa mata buhu. Sannan jabun kyandir ɗin gawayi ya cika kasuwa, ka ɗaga shi kaji shafal ba nauyi, ka girgiza kaji rabinsa iska ce, ni yanzu sai na auna biyu a hannu nake biya. Sabo ma in ka saka ka bar ruwan farko ya zube dan baƙin garin gawayi yake fitowa dashi. Shi mai shagon a haɗin farko ya bar min yoyo a gwiwa ɗaya, amma dai ya dawo ya gyara bai karɓi ko sisi ba, wannan na yaba masa.

Kuma kar wani ya ɗauka filtar nan tana kashe ƙwayoyin cuta. Bata yi. A unguwannin da bohol da sokawe suke maƙwabtaka, ga ruwan ƙasa a kusa, ga ambaliya duk damina, dole ka tafasa na sha ko ka sa maganin kulorin, musamman na yara. Tafasawar ita kuma bata cire ƙarfe ko dalma, kowanne da aikinsa. An yi min tallan babbar nan mai tace ruwa ta fata wadda ake cewa RO, tafi wannan kamawa nesa ba kusa ba, amma tana son wuta tsayayya, tana zubar da ruwa da yawa, ga tsada, ban kai nan ba tukun.

Ruwan sama kam ko da filta ban yarda a sha a gidana ba, mun mayar dashi na wanke tsakar gida da banɗaki, shima sai an bar na farko ya wanke rufi ya zube. Ina tuna matan da ke wajen Ughelli a Delta da suke shanya garin rogo kusa da wutar gas dan zafinta yana busar dashi da wuri, da mutanen ƙauyukan cikin ruwa da rafi ne abun shansu kifinsa ne abincinsu, su wa zai saya musu tulun faiba? Mu da muke gari muna da ɗan abun hannu mun samu na rage zafi ne kawai, iskar da muke shaƙa kuma babu kyandir ɗin da za a ɗaura mata.

Wanda zai saya, in bohol ɗinka yana kusa da inda bututun mai ya taɓa fashewa, ko kana jin warin kananzir ko fetur a ruwan ko da kaɗan ne, kar ka dogara da wannan filtar sam, ka ɗebi ruwan a kwalbar gilashi mai tsabta ka kai ɗakin gwaji ka ce a duba maka mai da benzin da dalma, ba lambar biro ba, kafin sakamako ya fito ku sha wani ruwan. In kuma matsalarka irin tawa ce, baƙi da tsatsa da tsami, to ka fara da tulun farar ƙasa da gyaran murfin tanki sannan kwalabe uku su biyo baya, ka nemi fulamban da ya san ruwan yankin ba mai shagon da ke son ya sauke kaya ba. Farin kyandir kuma ka saye shi da yawa tun watan Oktoba, dan da hunturu ya kama kowa nemansa yake, 'yan kasuwa kuma sun sani.